Lilon Dabo a Tsakiyar Gona

Dabo taubashina ne. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa, ni kuma ina kiransa sarkin ragwaye, har ya koma ga Mahaliccinsa ba wanda ya janye tasa. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ji ina yi masa tsiya ya ce ban san darajar mamaci ba. Tsiyar nan gadonta na yi, halak ɗina ce. Sauran mutanen garinmu, Kukar Yuguda da ke gefen Zakirai, su ne ba su da hurumin yi masa, kuma sun fi ni yi.

Sai ka san ƙasarmu kafin ka gane laifin Dabo. Mu ba mu da daji. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, abin da ya raba su layin gamba ne ko 'yan itatuwan aduruku. Da damina akuya sai a turke, hanyar ƙafa ma kowace shekara sai ta rame, don masu gona suna ɗan gutsurarta ta kowane gefe. Da rani jakuna ke ta safarar taki daga birni a mangala, ana zubewa tsibi-tsibi a gonaki. Mutumin garinmu zai iya yafe maka zagi, amma ba zai yafe maka taku ɗaya da ka ci masa a iyaka ba. A irin wannan wuri aka haifi Dabo, ga shi kuma ba ya shiri da fartanya.

Ba wai bai iya noma ba ne. In an tsare shi yana yi, amma da ka juya baya sai ka tarar da shi a gindin ɗorawa yana haɗa mota da kara, ko yana zana raƙumi da gawayi a jikin rumbu. Ya sha bulala a hannun ubansa kan wannan. Da uban ya rasu, Iliyasu yayan Dabo ya gaji gandu, ya gaji faɗan. Bayan Dabo ya auri Sakinatu sun haifi 'yarsu Furera, aka yanka masa gayauna a gefen gandu, wato ɗan yankin da yake nasa shi kaɗai, ya noma abin da ya ga dama in an tashi daga aikin gida. Kowa ya ce yanzu zai natsu. Rani na yi ya ɗaure 'yan tsummokaransa ya tafi birni cin rani, damina ta faɗi bai dawo ba.

Lokacin kuɗin mai na ambaliya, mutanen birni suna neman inda za su zubar da su. Wasu masu hali suka gina filin wasan yara a bayan gari, suka sayo injuna daga ƙasashen waje. Nan Dabo ya samu aikin shara. Akwai wani mai fenti, mutumin Gana, da ke zana allunan katakon da aka kewaye wurin da su. Ya lura da mai sharar nan da kullum yake tsayawa a bayansa, tsintsiya a hannu, baki a buɗe. Wata rana sai ya miƙa masa buroshi ya ce ya cike masa shuɗin sama. Iliyasu yakan ce tun daga ranar aka rasa Dabo.

Na je wurin sau ɗaya, kuma ba zan yi ƙarya in ce bai burge ni ba. Na kai gyaɗa birni ne, Dabo ya ja ni ta ƙofar baya yana gaya wa mai gadi cewa bawansa ne ya zo daga ƙauye ganin duniya. Ƙofar gaba kuwa bakin zaki ce ta siminti, sai ka ratsa tsakanin haƙoransa kafin ka shiga. A ciki akwai ɗan jirgin ƙasa mai ɗaukar yara, ya shige wani kogo mai duhu ya ɓullo ta bayan dutse. Akwai wata ƙatuwar ƙafa ta ƙarfe irin ta keke mai ɗauke da kujeru, ta ɗaga ka sama har ka hango badala. Akwai ɗakin madubai inda na ga kaina da tumbi irin na ɗan kwangila, na daɗe a tsaye ina kallo, don na san ba zan ƙara ganin kaina haka ba. Amma abin da Dabo ya ƙagu ya nuna mini allunan ne. Ga tsauni mai farar ƙanƙara a ka. Ga teku da jirgin ruwa yana hayaƙi. Ga wani ruwa da ke zubowa daga kan dutse yana kumfa, fari fat, har ka ji kamar sanyinsa yana taɓa maka fuska. Ya nuna mini wani gefe ya ce shi ya zana tsuntsayen. Na ce ai na gane, don sun fi kama da kaji. Ya yi dariya, amma idonsa na kan allon, irin kallon da manomi ke yi wa geronsa in ya fara fitar da kai.

Daga nan kiɗa ya sauya. Aka wayi gari rediyo na ta zancen tsuke bakin aljihu, ostariti ta shigo, sabulu da madara suka zama sai an bi layi. Aka kori baƙi, mai fentin ya tafi cikinsu. Ɗan jirgin ƙasan ya lalace, aka ce ƙarfen da ya karye sai an aiko daga waje, ba a kuwa aiko ba. Ƙatuwar ƙafar nan ta tsaya cak, tattabaru suka yi gida a kujerunta. Wa zai kai yaro hawan lilo alhali bai karya ba? Dabo ya ci gaba da share filin da ba mai takawa, har ranar da 'yan gwangwan suka zo da wutar yankan ƙarfe, suka daddatsa komai suka ɗora a sikeli. Katako ba su da bukatarsa. Aka tara allunan da dawakan katako na wani lilo mai juyawa za a cinna musu wuta, Dabo ya roƙa aka bar masa.

Ya iso gida a bayan motar da ta kawo taki, yana zaune a kan kayansa, ya rungume wuyan doki. Duk gari aka fito kallo. Sauran 'yan cin rani sukan dawo da rediyo, ko keke, ko turmin atamfa. Sakinatu ta tsaya a bakin zaure tana kallon ana sauke mata teku da tsauni. Ta juya ta koma ciki ta ci gaba da dakanta.

Matsalar farko daga masallaci ta zo. Malam Uwaisu limaminmu, mutum mai sauƙin kai, ya zo ya zagaya kayan yana shafa gemu. Ya ce allunan ba laifi tunda dutse ne da ruwa, tsuntsayen jikinsu kuwa ba su kai a kira su hoton tsuntsu ba. Amma dawakan nan masu ido da hanci gumaka ne, mala'iku ba sa kusantar inda suke, mafita ɗaya ce, a raba su da kawunansu. Dabo ya yi magiya, ya ce a birni manyan malamai sun kawo 'ya'yansu sun hau. Liman ya ce nan ba birni ba ne. Da hannunsa Dabo ya sa zarto ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ni ina riƙe masa. A gurbin kowane kai ya kafa guntun sanda a gicciye don yaro ya samu abin riƙewa. Kawunan kuwa Sakinatu ta hura wuta da su, hayaƙin fenti ya kore mu daga tsakar gida. Na ce masa ko ba komai dawakinsa sun huta da linzami. Ranar bai rama ba.

Babbar matsalar ita ce wurin kafawa. Garinmu ba shi da fili na banza, filin idi kuwa ba wurin wasa ba ne. Sai Dabo ya ɗauki kayansa ya kai gayaunarsa. Ya haƙa rami a tsakiya ya kafa kututturen darbejiya, ya ɗora masa boris na tsohuwar mota, ya miƙa azara ta ko'ina, ya rataye dawakan da sarƙa. Allunan ya jera su a kewaye, ya bar ƙofa ɗaya ta gefen hanya. A ƙasarmu in ka kafa ice yau, gobe gara ta yi masa riga. Don haka yakan je Gezawa da galan ya karɓo baƙin mai a wurin bakanike da masu injin niƙa, ya kwarara a gindin kututturen da gindin kowane allo, har ƙasar wurin ta yi baƙi. Gara ba ta taɓa masa ko tsinke ba, kuma yana alfahari da haka.

Da a ce a shekarun nan da rani salla take faɗowa, da ba wanda zai ce masa kanzil. Gona da rani fili ce, kowa na ratsawa, jaki ma na birgima. Amma wata zagayawa yake yi, kuma a daidai lokacin ya kawo sallolin biyu cikin damina, ƙarama a bakin shuka, babba lokacin da gero ya yi kai. Lilo kuwa abin salla ne. Ke nan in Dabo na son lilonsa, sai gayauna ta shekara ba shuka. Iliyasu ya kira shi ya faɗa masa haka ƙarara, ya ce tun da aka sari garin nan ba a taɓa barin gona a zaune ba. Dabo ya yi kunnen uwar shegu.

Sallar farko, kai, ban ga irinta ba a garinmu, kuma ban ƙara gani ba. Furera ce ta fara hawa, tana 'yar ƙarama, ta ƙanƙame sandar tana ihu tana dariya a lokaci guda. Babu inji, Dabo ne injin. Yakan dafa azara ya zagaya da gudu har abin ya ɗauki wuta, sannan ya ja gefe yana haki, dawakai marasa kai suna ta tashi da yara, tsauni da teku suna wucewa ta gabansu. Kafin azahar labari ya kai Zakirai da ƙauyukan kewaye. 'Yan mata da sabon lalle suka yi layi. Mai kwabo ya ba da kwabo, mai dintsin gyaɗa ya ba da gyaɗa, wanda ba shi da komai Dabo ya ɗora shi ya ce Allah ya ba da lada. Wani mai hoto ya zo daga Gezawa, magidanta da manyan rigunansu suka riƙa tsayawa a gaban jirgin ruwa ana ɗaukarsu. Wata tsohuwa, Fanta, wadda ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gari ba, ta shimfiɗa gyalenta a gaban allon ruwa mai zubowa ta zauna har la'asar. Da za ta tashi ta tambayi Dabo ko da gaske akwai irin wannan a duniya. Ya ce akwai. Ta ce ya gani da idonsa? Ya ce a'a. Ta ce to Allah ya nuna mana a aljanna. Ni kaina na hau da gemuna, sai da sarƙa ta yi ƙara na sauka da mutuncina. 'Ya'yan Iliyasu kuwa, musamman babbansu Basiru, sai da duka aka raba su da wurin.

A daminar nan ruwa ya ɗauke. Gero ya bushe tun kansa na ciki, dawa ba ta kai ƙugu ba. Shekarar da ta biyo baya ta fi muni. Rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen suka gudu. Muka ci garin kwaki, muka ci dusa, muka ci tafasa ba ƙuli. Wanda ya je birni neman abin yi ya tarar da birnin ya fi ƙauye kuka. Aka fita roƙon ruwa har ba adadi. Duk da haka Dabo bai fasa juya lilonsa a kowace salla ba, ko da yake yanzu ba kwabo ba gyaɗa, yaran kuma ba sa ihu kamar da, wasu ma juwa ke ɗibarsu tun a zagayen farko saboda ciki ba komai.

Yunwa tana neman wanda za ta ɗora wa laifi, kuma ba ta yi nisa ba ta samu. Bakunan da suka yi guɗa su suka fara cewa ta yaya ruwa zai sauka a garin da ake shagali a tsakiyar gona. Maƙwabtan gayaunar suka kai ƙara wurin mai unguwa cewa yara na tattake musu gyaɗa, gyaɗar da ko ba a taka ba ba ta da niyyar yin komai. Magidantan da suka rataye hotonsu na gaban jirgin ruwa a ɗaki suka daina amsa sallamar Dabo da kyau. Wanda ya fi shan wuya Sakinatu ce. Ita ke ɗaukar ƙwarya ta je sashen Iliyasu karɓar awon gandu, ta tsaya ana auna mata ana tsaki, ana tambayarta ko dawakan mijinta sun kusa haihuwa. Mace ce mai haƙuri, amma na ga yadda ta koma, wuyanta kamar na shamuwa.

Ana saura kwanaki a ɗauki azumi Iliyasu ya tara mu a zaure, ni ma aka kira ni a matsayin ɗan'uwa. Bai ɗaga murya ba.

"Dabo, ni ban hana ka wasanka ba. Amma abin da iyalinka ke ci gumin 'ya'yana ne, ga gonarka can tana kiwon katako. Ko ka tumɓuke abin nan ka shuka, ko ka ware tukunyarka."

Ware tukunya a shekarar nan daidai yake da a ce ka haƙa wa iyalinka kabari. Sai Dabo ya ce:

"Yaya, a bar ni in yi sallar nan kawai. Washegari da hannuna zan cire."

Iliyasu ya ce ya ji. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne Iliyasu bai yi ƙarya ba. Da azzalumi ne da na samu wanda zan tsine wa in huta.

Duk azumin nan Dabo a gayauna ya yi shi, cikin zafin bazara mai narka mutum. Rana ta cinye launin allunan, fentin da ya zo da shi kuwa ya daɗe da ƙarewa, na saye kuma ko a mafarki. Sai ya koma haɗa nasa. Ya jiƙa ƙaro, ya dama da bular wanki ya yi teku, ya dama da farar ƙasa ya yi ƙanƙara da kumfa, jar ƙasa ta zama dutse. In na wuce sai in tarar da shi a kan turmi, leɓe a bushe, yana lallaɓa allo da gashin kaza. Na ce masa ashe sarkin ragwaye ya iya wahala in dai ba ta da amfani. Ya ce in jira ranar salla, zan ga abin da ko a birni ba a yi ba. Kuma gaskiya ya faɗa, allunan sun fito kamar sababbi. Duk wannan lokaci sama fayau take, ba ko gizo-gizon hadari, iri yana ajiye a tukwane, mutane suna kallon gabas suna haɗiyar yawun da babu.

Ranar jajibere da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito suna tsayawa a cikinsa. Wanda ya san noma ya san abin da wannan ke nufi. Bayan irin jiran da muka yi, ba a barin danshi ya kwana biyu, gobe da safe shuka, ko salla ko ba salla. Shuka kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ce. Namiji na gaba da sungumi yana sara, mata da yara na biye da ƙoƙon iri suna jefawa suna rufewa da ƙafa. Duk yaron da ya iya tafiya yana da aiki.

Malam Uwaisu ya gajarta huɗuba har wasu na baya ba su san an gama ba. Daga filin idi ba wanda ya tsaya gaisuwa. Aka tuɓe rigunan salla, masu su ke nan, aka saɓi sungumi. Kafin rana ta ɗaga, duk inda ka duba mutane ne a gonaki a jere, kai a sunkuye.

Dabo shi kaɗai ne bai cire rigarsa ba. Ya tafi gayauna ya tarar da ruwa ya wanke aikin wata guda. Ƙaro ba ya jure ruwa. Tekun ya gangaro ƙasa ya yi tabo shuɗi, ƙanƙarar tsauni ta zama dabbare-dabbare, sai tsohon fentin da ya koɗe yana leƙowa ta ƙarƙashi. Ya goge dawakan da gefen rigarsa, ya tsaya a ƙofa yana jira. Da ya ga ba mai zuwa sai ya dafa azara ya fara turawa, wai ko ƙarar za ta jawo su. Ƙarar kuwa kowa ya ji ta, don a ƙasarmu ba abin da ke da nisa da wani. Ni ina gonata, gona biyu tsakaninmu, ina sara 'ya'yana na biye, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kan haka ba, ni ma ina da bakunan da zan ciyar. Amma na ji ƙarar nan har cikin haƙorana. Ƙiii, ƙiii, dawakai na zagayawa ba kowa a kai. Yara sukan ɗago su saci kallo, a daka musu tsawa su mayar da kai.

Layin gandu ya zo daf da gayaunar. Iliyasu na gaba, Sakinatu na biye, Furera na bayanta da ƙoƙonta. Dabo ya tsayar da lilon.

"Furera, zo ki hau. Zagaye ɗaya kawai."

Yarinyar ta tsaya, ta kalli uwarta. Sakinatu ba ta ɗago ba.

"Malam, ƙasa na shan iska," in ji ta.

Furera ta jefa iri ta rufe da ƙafa ta bi uwarta. Dabo ya koma ya ci gaba da turawa, a hankali yanzu, har aka kira azahar. Daga nan ƙarar ta tsaya. Bai jira washegarin da ya yi alkawari ba. Da na dawo daga masallaci na hango shi ya tuɓe riga, yana kai wa kututturen gatari. Kafin magariba komai na ƙasa.

Da safe ya je wurin Iliyasu neman iri, aka auna aka ba shi. Ya kai sungumi, sungumi ya yi tsalle ya dawo. Ƙafafun yara da nasa gudun sun daddaɓe wurin ya zama fako, kamar daɓen ɗaki. Ya aro diga ya farfasa, ya shuka. Gefe-gefen gayaunar ya tsiro. Amma tsakiya, daidai faɗin da lilon ya ci, inda ya yi shekaru yana kwarara baƙin mai, ko ciyawa ba ta leƙo ba. Ya sake shuka, ya sake, irin ya ruɓe a ciki. Abin takaicin kuma, daminar nan ta yi kyau. Kowa ya cika rumbu. Dabo ya ɗaure 'yan dammunan da jaki ɗaya ya kwashe a sawu guda.

Katakon bai yi kwantai ba. Mutanen da suka ce shi ya hana ruwa su suka riƙa zuwa da sallama mai daɗi suna roƙon allo ɗaya. Dabo bai hana kowa ba. Mai shayi a Zakirai ya yi teburi da tsaunin. Wani ya rufe masai da tekun. Iliyasu ya yi wa garken awakinsa ƙyaure da allon ruwa mai zubowa, ya kafa shi a kife, ruwan na hawa sama, kuma na tabbata bai taɓa lura ba. Dawakan suka tafi murhu ɗaya bayan ɗaya.

Shekaru da dama Dabo yana fama da wurin nan. Ya zuba taki mangala bayan mangala, ya kwashe ƙasar sama ya kawo wata, ya gwada wake, ya gwada rogo. Mutumin da aka yi wa shaidar ragwanci ya yi wa wannan ɗan da'irar wahalar da ba wanda ya taɓa yi wa gona a garinmu, ƙasa ta ƙi yafe masa. Daga ƙarshe ya bar wa Basiru gayaunar, ya koma tashar Gezawa yana rubuta wa direbobi addu'o'i a jikin mota. In an ce ya ƙara ɗan zane, fure ko tsuntsu, sai ya ce bai iya ba. Tari ya kama shi, irin na masu shaƙar fenti. Da na je duba shi ya tambaye ni, tunda ina shiga birni, ko akwai abin da ya rage a filin. Na ce an yanka shi fuloti-fuloti an yi shaguna, bakin zakin ne kawai ya gagari rushewa, masu fitsari sun gaje shi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce bawa ba ya taɓa kawo labari mai daɗi. Bai kai kaka ba ya rasu. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Da'irar tana nan har gobe. In damina ta yi, gero ya rufe ko'ina, sai ka ga wani fili zagayayye a tsakiya, fes, kamar an share. Irin wurin da yara ke so ke nan, don haka suka fara ratsa shuka suna zuwa wasa a ciki. Sai iyayensu suka samo magani. Suka ce wurin dandalin aljanu ne, da tsakar rana suke rawa a nan, shi ya sa ba abin da ke tsirowa, yaron da ya taka kuwa ƙafarsa za ta shanye. Su waye iyayen? Su ne yaran da Dabo ya tura da cikinsa ba komai. Da kunnena na ji Basiru, wanda sai da duka ake sauke shi daga doki, yana gaya wa ɗansa haka, ko ƙifta ido bai yi ba. Na ce masa Allah ya isa tsakaninsa da ƙanen ubansa. Ya ce to Baba, so kake su tattake mini wake?

Bara Furera ta zo ganin gida daga Tofa inda take aure, da 'yar autarta. Ta ce in raka ta gayaunar, tana so ta nuna wa yarinyar wurin. Ashe yaran gida sun riga ta ba yarinyar labari. Muna hango filin yarinyar ta ƙanƙame zanen uwarta ta toge, ta fara kuka tana cewa wurin aljanu ne, ita ba za ta ba. Furera ta tsaya tana kallon da'irar. Na ga ta buɗe baki za ta yi magana, na jira. Sai ta sunkuya ta ɗauki 'yarta ta saɓa a kafaɗa, muka bi ta doguwar hanya, wadda kowa ke bi.